Minti na Bakwai

Sai dare ya raba nake zama malami na biyu.
Unguwar Wadata ta yi tsit, ƴan kabu-kabu sun kwanta,
kuran ya dawo sumumu, kamar mai bashi a wuya.
In buɗe ordinatar bisa tabarma,
in danna jan ɗigon nan,
in ce wa bango: "Yara, ku dubi nan."

Fuskata ba ta shiga.
Farin shafi ne kawai, da ƴar kibiya
mai yawo kamar tsaka a jikin gini,
tana jan lamba daga hagu zuwa dama,
muryata na biye da ita a kan yatsun ƙafa
don kada in ta da masu barci.

Da safe darasin na aljihuna,
cikin kile da bai kai ɗan yatsa ba.
Yara tamanin da uku, benci ashirin da ɗaya.
Muka rataya farin zanen gado bisa allo,
Agali ya toshe taga da kwalin sabulu,
sai ga ni ina magana, bakina a rufe.

Shekara goma sha tara ina ba su baya,
alli na cin yatsuna.
Ran nan na koma gefe, na ga fuskoki.
Ashe haka goshi ke tattarewa
in lissafi ya zo ƙofa ya ƙi shiga.

Harira, wadda tun Oktoba ba ta ɗaga yatsa ba,
ta ce, "Mushe, a maido shi baya."
Shi, ta ce. Ba ni ba.
Na maido. Ta ce a ƙara. Har sau huɗu.
Mutumin cikin zanen bai yi tsaki ba,
bai dubi agogo ba,
bai ce "sau nawa zan faɗa" ba.
Wallahi na ji ƙyashinsa.
Haƙurin da rana tsaka ke ƙone mini,
shi da sanyin dare ya ɗebo nasa.

Nomau kuma ya kama shi da kuskure:
"Mushe, an manta alamar ragi!"
Kuskuren allo tafin hannu ke share shi,
wannan ya zauna daram.
Na bar shi. Duk aji sabo, tarko ne,
wanda ya gano, biro guda.

Amma akwai minti na bakwai.
Ina tsakiyar raba ɗari da ashirin gida takwas
sai tari biyu daga ɗakin baya,
sai muryar Inna:
"Bizo, har yanzu ba ka kwanta ba?"
Aji ya fashe. Sun samu sunana na gida.
Mako guda ana raɗa shi bakin famfo.
Na ce zan yanke wurin ran Lahadi.
Lahadi ta zo da gyaran takardu,
wata ta zo da taron suna.
Kafin ruwan farko ya sauka Tawa
mun kai Inna makwancinta.

Darasin kuwa ya yi ƙafa.
Daga waya zuwa waya ya kai Kalfu, ya kai Bambay,
har wan Agali da ke tura amalanke a Abijan
ya aiko cewa ya gane rabawa yanzu.
Duk inda aka buɗe shi, tana nan,
tana tambaya ko na kwanta.

Bana ma na sa musu shi.
Tsofaffin ɗalibai sun gaya wa sababbi, ina jin,
don da muka iso wurin
ko benci bai motsa ba.
Kibiya ta tsaya jim a kan takwas,
ta ci gaba da aikinta.

Babu wanda ya ce a maido baya.
Wannan sai dare,
in kuran ya dawo,
ni ke yi.